Sifika Biyar da Fanka Ɗaya

Ranar da aka ba da hutun makaranta Malam Abdussalam ya dawo daga Gusau da kwali uku a bayan motar haya, ya tsaya a kan direba har aka sauke su da lallami kamar ana sauke mai jego. Kayan sauti ne na kallon fim: ƙananan sifika biyar, da wata baƙar akwati mai fidda rugugi wadda ake kira wufa, da na'urar da ke raba musu murya. Shekara goma sha tara yana koyar da fiziks a wata sakandare a Gummi, yana zana wa yara tafiyar sauti da alli a jikin allo. Ya ga lokaci ya yi da sautin zai tako ya same shi har gida.

Matarsa Murjanatu ta leƙo daga madafa, ta dubi kwalayen.

"Malam, wanga kaya duka na kallo ɗai na?"

"Ba kallo ba ne, Murja, zama ne cikin fim. In jirgi ya taso daga hagu, ta bayan kunnenki za ki ji ya wuce."

"To, Allah shi sa ya wuce lahiya."

Sifika uku suka tafi gaba wajen talabijin. Biyu kuwa takarda ta ce a kafa su a bayan mai kallo, don haka ya buga ƙusa biyu a bangon da ke bayan kujerarsa. A ɗaya gefen bangon nan Inna Yalwa take kwance.

Inna Yalwa yayar mahaifinsa ce, ita ta goye shi. Bara ɓarin jikinta na dama ya shanye a Bukkuyum, ya je da kansa ya ɗauko ta, ɗiyarta Atine tana kuka tana cewa a bar mata uwarta. Ya ce a Gummi akwai asibiti kusa, akwai sola, akwai fanka. Fankar ce ta kashe gardamar. Ɗakin da ya ba ta rufin kwano ne ba silin, tagarsa na kallon yamma, ba shi kuma da soket, sai ya huda gindin bango ya zura wayar fanka daga falo. Har liman ya ambaci zumuncinsa a wajen wani ɗaurin aure. Abdussalam ya sunkuyar da kai a lokacin, amma bai manta ko kalma ɗaya ba.

Magana tana yi wa Inna wuya, don haka gidan ya saba da wata ƙa'ida. Akwai moɗar ƙarfe a hannunta na hagu. In ta buga ta a ƙarfen gado sau biyu, ruwa take so. Sau uku, a zo a juya ta.

Matsala ta farko da kayan sautin suka kawo ita ce mutanen fim sun zama bebaye. Kiɗa na tashi, bindiga na tashi, ƙofa in an rufe sai falo ya girgiza, amma jarumi sai ya yi ta motsa baki ba a jin komai. Kwana uku Abdussalam yana durƙushe a bayan talabijin da fitilar waya a baki. Ya karanta takardar kamfani da Turanci, ya dubi ta Faransanci ma ko za ta fi gaskiya. A rana ta huɗu ya gano cewa wayar sifikar tsakiya, wadda ita ke ɗauke da maganar mutane, shi da kansa ya cusa ta a ramin da ba nata ba. Ya gyara. Ya gaya wa Murjanatu kuskure ne daga kamfani.

Matsala ta biyu ta fi taurin kai. Fim na tafiya lafiya lau, da zarar an zo inda ake so, bam ya tashi ko gini ya rufto, sai inbatar sola, na'urar da ke ba gidan wuta daga batir, ta yi tsuwa, sauti ya ɗauke ɗif, ya dawo bayan an gama mutuwa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya je kasuwa sayen sabuwar wayar sifika a shagon Makau mai gyaran rediyo, ya ba shi labari, ba don neman shawara ba, don dai Makau ya san irin kayan da suka shigo garin.

Makau bai ɗaga kai daga rediyon da yake gyara ba.

"Inbatarka ƙarama ta, Malam. Baƙar akwatin ga ita ka shan wuta in ta yi rugugi. Akwai ɗan maɓalli bayanta, murɗa shi baya kaɗan, kamar tsinke biyu. Shi ke nan."

"Wato in sayi rugugi, in kuma rage rugugi?"

"Kunnenka ba shi ma gane an rage."

Abdussalam ya yi murmushin da yake yi wa ɗalibin da ya ba da amsa daidai ba tare da ya nuna hanyar lissafi ba. Makau ko firamare bai gama ba. Abdussalam ya karɓi wayarsa ya tafi gida ya yi abin da mai ilimi yake yi: gwaji.

Ya zaɓi wani wuri a fim ɗin yaƙi inda tankoki ke ɓarin wuta. Ya kashe ƙwayayen fitila, ya saki tankoki. Sauti ya ɗauke. Ya cire cajar wayoyi. Ya ɗauke. Ya cire rediyon Murjanatu, ta yi tsaki daga tsakar gida. Ya ɗauke. Fulogi ɗaya ya rage a soket, farar wayar nan da ta bi ta hudar gindin bango. Ya zare shi. Tankoki suka yi ta wuta har suka gaji, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafarsa, ko tari sautin bai yi ba.

Ya miƙe tsaye shi kaɗai a falo. Da a wata ƙasa ce, da yanzu ana neman hotonsa.

"Murja! Na gano ta. Fankar Inna ce."

"To, sai ƙaƙa?"

"Awa biyu ne kacal. Ki ɗan yi mata fifita kafin a gama."

Watan Afrilu ne. Daga azahar kwanon ɗakin Inna yake fara ƙas-ƙas kamar ana soya shi. Kuma daga azahar zuwa la'asar sakaliya ne lokacin kallon Abdussalam, don a lokacin rana ta cika batir. Wannan ma ilimi ne.

Ranar farko Murjanatu ta zauna da mafici har fim ya ƙare. Rana ta biyu ta yi rabin awa, tuwo ya kira ta. Rana ta uku ta jingina maficin kusa da hannun Inna mai lafiya, ta ce ai motsa hannun ma magani ne, haka likita ya ce. Inna ta riƙe maficin, ta ajiye moɗa. Da ƙishi ya kama ta sai ta saki maficin ta lalubi moɗa, maficin ya faɗi ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi yi wa Abdussalam daɗi a tsarin shi ne ba sai ya shiga ɗakinta ba. Daga falo yake zare fulogi, daga falo yake mayarwa. Da can kullum bayan sallar asuba yakan durƙusa a bakin gadonta.

"Inna, an kwana lahiya?"

"Audu," takan ce, da rabin bakinta. "Lahiya... lau."

Yanzu gaisuwar ta koma bakin ƙofa. Akwai wani kallo da take yi masa, ba na fushi ba, irin wanda take yi masa yana yaro in ya dawo da riga a yage tana jiran ya faɗi da kansa. Sai ya ga gara ya gaishe ta ta bayan labule, kada ya takura wa tsohuwa.

A mako na biyu wani abokin aiki ya ba shi fim mai kashi ashirin da huɗu. Awa biyu ta zama huɗu. Wata rana da hantsi ya ga farin fulogi yashe a ƙasa tun jiya, ya mayar da shi da sauri, ya duba ko wani ya gani.

"Malam," in ji Murjanatu ran nan suna cin abinci, "ƙurajen zahi sun cika bayan Inna. Wajen ƙugu har ya hwara salewa."

"A shafa mata hoda."

"Na shahwa. Zuhwa ka wanke ta."

"Murja, matar nan shekara saba'in ta yi a Bukkuyum ba ta san fanka ba. Jikinsu ba irin namu ba ne. Iskar fanka ma mura take sa wa tsofaffi, bincike ya nuna."

"Can ai ƙarƙashin darbejiya taka wuni."

"To ki riƙa juya ta a kan kari."

"In na ji moɗa ina zuwa. Ni ban jin komi in tankokinka sun tashi. Kuma da girki zan ji, ko da wanki? Ba ni na ɗauko ta ba."

"Ƙarshen wata zan sayo babbar inbata."

Da wannan aka rufe zancen, kowa ya samu abin riƙewa. Daga baya ma Murjanatu ta gano cewa fim mai kashi ashirin da huɗun akwai wata uwar miji a ciki da ya kamata a ga ƙarshenta, sai ta riƙa kawo tsintar shinkafarta falo.

Atine takan bugo waya daga Bukkuyum duk ranar Juma'a. Abdussalam mutum ne da ba ya ƙarya, duk Gummi an sani. Don haka in ya ga sunanta a waya sai ya dakatar da fim, ya sunkuya ya cusa fulogi, sannan ya amsa.

"Yaya, ya jikin Inna? Zahin ga ya yi yawa."

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ga ta can, fanka na kanta yanzu haka."

"Allah shi saka ma, Yaya. Allah shi ba ka masu yi ma."

"Amin, amin. Ai wajibi ne."

In ta kashe, yakan bar fankar ta ƙara minti biyar, saboda tsoron Allah.

Inna ta rage cin abinci. Kunu ma sai cokali uku. Murjanatu ta ce zafi ne, kowa ma ba ya cin abinci a bazara. Leɓɓanta suka tsattsage. Salewar ƙugu ta zama miki, mikin ya fara ruwa, Murjanatu ta ce ta saya masa hodar ƙulli a kemis. Wani wari ya fara biyo hudar gindin bango, Abdussalam ya toshe gefen wayar da tsumma, don sauro.

Ranar Asabar ta ƙarshen hutu ya gayyaci Nazifi, malamin tarihi kuma abokinsa tun jami'a, tare da wasu malamai biyu, su zo su ji abin da ake kira sauti. Murjanatu ta tafi suna a bayan kasuwa, ta ce ta ajiye wa Inna ruwa. Ya zaɓi fim ɗin wani jirgin ruwa da ya nutse da mutane a cikinsa. Ya zaunar da Nazifi a kujerarsa ta tsakiya, ya auna masa inda zai sa kai. Ya zare fulogi da ƙafa, ba tare da ya duba ba.

Jirgi ya fashe, ruwa ya shigo ta ko'ina. Ɗaya daga cikin malaman har ya ɗage ƙafa.

"Kai, Abdussalam!" in ji Nazifi. "Wanga ba falo ba na, gulbi na. Ka ba mu kwalekwale!"

Sai fim ya yi shiru. Mutanen da suka rage a cikin jirgin suna zaune cikin duhu, iska na ƙare musu, suna sauraron ko masu ceto za su zo. A cikin shirun nan, daga baya ta hagu, aka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. Sau biyu. Can ƙasa-ƙasa, kamar daga nesa.

Abdussalam ya ɗaga yatsa.

"Kun ji? Kun ji wannan? Baya, hagu. A talabijin ɗinku har abada ba za ku ji shi ba. Wasu ne suka maƙale a wani ɗaki suna buga bango."

"Allahu akbar," in ji Nazifi. "Kamar a bayan kaina. Turawan ga ba su bar komi ba."

Aka sake bugawa, sau biyu. Aka jima, sau biyu kuma, a raunane. Abdussalam ya yi musu bayanin yadda na'ura ke jinkirta sauti da ɗan taƙi don kunne ya ɗauka daga nesa yake. Bayanin ya yi kyau, da ma a aji ne.

Ladan ya kira la'asar. Abdussalam ya danna rimot, hoto ya tsaya cak, sifika biyar suka yi tsit.

Ƙarfe ya bugi ƙarfe. Sau ɗaya. Na biyun bai zo ba, sai ƙarar moɗa tana gangarawa a siminti.

Ba wanda ya dubi wani. Nazifi ya kafa ido a kan farin fulogin da ke yashe a ƙasa, ya bi wayar da kallo har inda ta shige bango.

Kwana goma sha ɗaya rabon Abdussalam da ɗaga labulen nan. Zafin ɗakin ya mare shi a fuska, warin ya biyo baya. Kofin ruwan da Murjanatu ta ajiye yana kan kujera, a gefen dama, gefen hannun da ya mutu. Inna ta zamo rabi daga kan katifa wajen miƙa hagu ta ƙetare jikinta. Idonta a buɗe, harshenta a bushe kamar ɓawon itace.

"Inna! Inna, ga ruwa."

Ta dube shi ta daɗe.

"Audu," ta ce. "Baƙinka... sun ci... abinci?"

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaga zanen Inna, ta dubi ƙugun, ta dubi Abdussalam da agogonsa da tabaransa.

"Daga wane ƙauye anka kawo ta?"

"Nan cikin gari ne."

"Gidan ba kowa?"

Ya buɗe baki zai yi bayanin ƙarfin inbata, sai ya ga ba ta da fuskar mai son fiziks.

Atine ta iso washegari a motar farko. Ta ga mikin, ta fito baranda inda yake tsaye. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, kai kac ce akwai hwanka."

"Akwai, Atine. Wallahi akwai. Matsalar wuta ce, inbatar ba ta..."

"Mu can ba mu da wuta ko ta ashana. Tabarma muka shimfiɗa mata ƙarƙashin icce, duk wanda yab bi shi yi mata fifita. Kac ce wannan ƙauyanci na."

"Ƙarshen watan nan nake shirin..."

"Na tambaye ta mi yah hwaru. Ka san abin da tac ce? Tac ce Audu na karatu, kar a dame shi."

Ta koma ciki. Kwana shida Inna ta yi ana ƙara mata ruwa, mikin ya riga ya shiga jini. Ranar Juma'a da hantsi ta cika.

An yi zaman makoki a ƙofar gidansa, jama'a har bakin titi. Saboda zafi, aka fito da fankar Inna aka kafa ta a rumfa tana hura manyan baƙi. Kowa ya zo sai ya riƙe hannunsa ya ce samun ɗa irinsa sai an tona, ya ɗauko ta, ya riƙe ta, ya kai ta asibiti. Liman ya maimaita maganarsa ta wajen ɗaurin aure, ya ƙara mata ayoyi. Abdussalam ya sunkuyar da kai kamar wancan karon. Nazifi ya yi addu'a ya tafi bai tsaya shan ruwa ba.

Bayan an share makoki an mayar da komai wurinsa, sai ga Makau ya zo da la'asar. Ya je Anka ɗaurin sola, bai samu jana'iza ba. Suka zauna a falo, ya yi gaisuwa, aka shafa. Idonsa ya faɗa kan baƙar akwati, hannunsa na masu gyara ya kasa haƙuri.

"Malam, ciwon nan ya bari? Ɗaukewar sauti?"

"Bar shi kawai, Makau."

"A'a, ai ba komi na ba." Ya durƙusa ya zura hannu bayan wufa, ya murɗa wani abu. "Tsinke biyu. To, kunna komi da kag gani cikin gidan ga. Hitila, caja, rediyo. Wagga farar waya ta mi ta?"

"Fanka ce."

"Sa ta."

Abdussalam ya sunkuya ya cusa fulogi. Ta bayan bango ya ji fanka ta ɗauka, tana juya kai a kan gadon da aka naɗe wa katifa. Makau ya karɓi rimot ya nemo fim ɗin yaƙi. Tankoki suka buɗe wuta, ƙasa ta yi rawa kamar kullum. Abdussalam ya kasa kunne ya nemi rugugin da aka rage, da duk ilimin da ke kansa, bai same shi ba.

"Ka ji ko?" in ji Makau. "Ai na hwaɗa ma. Allah shi jiƙan Inna." Ya sa takalmansa ya fita.

Abdussalam ya zauna a kujerar tsakiya, a daidai inda aka auna. Ya mayar da wurin tankokin baya ya sake saki. Ya ƙara murya. Ya sake mayarwa. Murjanatu ta zo bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ta dubi fulogin a soket, ta juya ta koma tsakar gida.

Ya yi sallah shekara arba'in, ya yi azumi, ya roƙi Allah ƙarin girma da lafiya da rufin asiri. Amma bai taɓa roƙon wani abu da gaske ba kamar yadda ya roƙa a yammacin nan, cewa inbata ta yi tsuwa, sautin ya ɗauke ko sau ɗaya, ko na ƙiftawar ido, don a ce dai Makau bai gama firamare ba.

Fanka na juyawa, tankoki na wuta. Har aka kira magariba sautin bai ɗauke ba.